Hawa Na Uku

Saje ya ɗora ƙafarsa ta dama a kan matakala ta farko, ya ɗaga kai ya dubi sauran, sai ya janye ƙafar. Ya juya a hankali, ya dafa bango, ya zauna a kan matakalar, ya jingine sandarsa a cinya.

"Hutawa za ka yi?" in ji matarsa. Jakar takardunsa na hannunta ɗaya, gorar ruwa na ɗayan.

"Na iso."

"Ka iso ina? Sama aka ce. Hawa na uku."

"Na ji abin da aka ce. Ni dai iyakata ke nan."

Ta dube shi irin kallon da ta saba yi masa idan ya ce shi zai gyara famfon gida da kansa. Ta gyara riƙon jakar. Ta san maganar da aka yi masa da wuri asararta ake yi.

Wanda ya zaɓa wa kwamitin ɗaukaka ƙarar naƙasassun sojoji ɗaki a hawa na uku bai taɓa bayyana kansa ba, ba a kuma ji an ba shi lambar yabo ba, ko da yake ya cancanta. Akwai lifta a ginin, ba za a yi wa hukuma ƙarya ba. Tana nan gefen matakala da ƙofarta mai ƙyalli, an manna mata takarda mai cewa ana kan gyara. Takardar ta yi ja, gefenta ya naɗe. Gam ɗin kawai ake sabuntawa.

Bara Saje ya hau benen nan. Lokacin kwamitin farko ne, mai auna naƙasa, wanda shi ma a can sama yake zama. An ce ya zo da safe, shi kuwa bai taɓa makara wajen kira ba tun yana kurtu. Ya cije haƙori, ya ja ƙafar hagu mataki bayan mataki, ƙarafan da nakiya ta bar masa a ƙugu suna gaisawa da ƙashi. Da ya kai sama ya tsaya bayan ƙofa ya share gumi, ya gyara wuyan riga, ya shiga a miƙe, domin ba a shiga gaban hafsa a sunkuye. Likita ya ce, "Yaya jikin?" Ya ce, "Da sauƙi, yallaɓai." Me kuma mutum zai ce?

Ya yi kwanaki a kwance bayan wannan hawan, matarsa ce ke juya shi. Da amsa ta zo, an rubuta cewa mai nema ya hau bene hawa uku da ƙafarsa ba tare da taimakon kowa ba, kuma da bakinsa ya ce ya samu sauƙi. Aka auna naƙasarsa ƙasa da rabi. Asibitin soja kuwa ba ya yi wa kowa aikin ƙugu sai wanda naƙasarsa ta kai rabi. Wannan ƙarar ta yau ita ce ta ƙarshe da doka ta ba shi. In ta faɗi, shi da ƙarafansa sai kabari.

"A'a! Saje, kai ne ka zama maigadin matakala?"

Kofur ne ya taso daga dogon bencin da ke jikin bango, inda tsofaffin sojoji suka jeru suna jiran a kira su. Ido ɗaya gare shi, huhunsa ma kusan haka. Ƙararsa ta daɗe da mutuwa, amma bai fasa zuwa ba duk ranar zama, wai ya fi gidan kallo, ga shi ba a biyan kuɗin shiga.

"Kofur, ka yi masa magana," in ji matar Saje. "Ni na gaji."

"Madam, ai maganar a bayyane take. Hanya uku ce a gidan nan, duk na ga masu bin su." Ya ɗaga yatsa. "Ka hau da ƙafarka, su rubuta lafiyarka lau. Ka kasa hawa, akawu ya kira ka sau uku, su rubuta ba ka zo ba, su kori ƙarar."

"Ta ukun fa?"

Kofur ya nuna da haɓa. A kusurwa, kusa da teburin maigadi, akwai wata farar kujerar roba da aka ɗaure wa sanduna biyu da igiya, ɗaya ta kowane gefe. Maigadi da mai shara su ke ɗaukar mutum a kanta su kai shi sama, a ba su ɗan abin shan ruwa.

"Motar gidan ke nan. Ba ta cin mai. In sun kai ka, sai a rubuta ka halarta ba tare da wata matsala ba. Gaskiya ne kuwa, matsalar a kafaɗar maigadi take."

Mutanen benci suka yi dariya, ta wasu ta ƙare da tari.

"To ai shi ke nan," in ji matar. "Ita za mu hau. Malam maigadi, don Allah..."

"Ke, bar shi," in ji Saje.

"In bar shi?" Ta juyo wajen mijinta. "Malam, ka dube ni da kyau. Wa ke ɗaga ka daga gado kowace safiya? Wannan kafaɗar tawa, ka san rabon da in iya ɗaga hannu in ɗaura ɗankwali ba tare da na yi salati ba? Keken ɗinkina ya yi tsatsa saboda jinyarka. Yau ɗaya a ɗauke ka a kai ka inda za a ji kukanka, sai ka ce girmanka zai zube?"

Bai ɗaga murya ba. Ya dubi kujerar, ya dubi igiyar.

"An taɓa ɗaukata," ya ce. "Mutum huɗu, a kan ƙofar mota da suka ɓalle. Ana harbi suna gudu da ni. Biyu daga cikinsu ba su ga ƙarshen shekarar ba. Wannan ɗaukar ta ishe ni har in mutu. Ba za a ɗauke ni kamar buhu a kai ni roƙo ba."

"Ba roƙo ba ne, haƙƙinka ne."

"To mai haƙƙi ya zo. Ga shi zaune."

Ta ajiye jakar a ƙasa da ƙarfi, ta koma gefe ta tsaya, ta harɗe hannu. Maigadi, wanda ya riga ya fara naɗe hannun riga, ya warware shi ya koma kujerarsa.

Aka ci gaba da kira. Wani mai ƙafar roba ya hau a hankali, ana jin ƙarar ƙafar har ya ɓace. Wani aka ɗauke shi a kujera, yana riƙe da hularsa a ƙirji, idonsa a rufe. Duk wanda zai wuce sai Saje ya matsa masa, ya ce, "Allah ya ba da sa'a." Masu saukowa ba wanda ya tambaye su yadda aka yi. Fuskarsu ta isa.

Rana ta kusa tsaka sai akawu ya leƙo ta saman ƙarfen matakala, da fayil a hannu. Daga ƙasa tabaransa da ƙasan haɓarsa kawai ake gani.

"Mai ƙara na gaba! Saje mai ciwon ƙugu!"

"Ga ni!" Muryar ta fito irin ta filin fareti, har mai shara ta saki tsintsiya.

"To hawo mana."

"Ba zan iya ba."

"A ɗauko shi."

"Ba za a ɗauko ni ba."

Akawu ya gyara tabarau. "To, Baba, a wurina ba ka zo ba ke nan."

"Da wa kake magana, in ban zo ba?"

"Ni dai aikina in kira. Wannan kira na ɗaya."

"Na amsa na ɗaya. Ka rubuta."

"Babu wurin rubuta wannan."

"Ka nemi wuri a gefe, ɗana. Ai takarda tana da gefe."

Kan akawu ya ɓace. Kofur ya zauna a matakala kusa da Saje, ya ce wai bencin ya yi masa tauri. Jim kaɗan wani dogo mai rawar hannu ya taso, ya ce shi ma iska ta fi kaɗawa ta nan, ya zauna a matakala ta biyu. Ba wanda ya yi shawara da wani. Mutanen da suka yi rabin rayuwarsu suna shiga sahu ba sa buƙatar a gaya musu. Kafin akawu ya dawo, benci ya zama fanko, matakala ta cika daga bango zuwa ƙarfe, layi bisa layi, sanduna a tsakanin gwiwoyi. Matakalar kuwa siririya ce. Shi ma wannan aikin wancan gwanin ne da bai bayyana kansa ba.

"Kira na biyu!" in ji akawu. Sai ya ga abin da ke ƙasa. "Kai! Me ke nan? Ku ba da hanya!"

"Hutawa muke yi," in ji Kofur. "Naƙasassu ne mu, ko ƙasa da rabi."

Matar Saje ta matso, ta sunkuyo dab da kunnensa. "Saura ɗaya. Ka ji ko? Saura kira ɗaya su rufe fayil ɗin. Wallahi in ka kashe ƙarar nan da taurin kai, kai da ƙugunka ku nemi mai juya ku."

"Na ji."

"Ka ji, amma ba za ka tashi ba."

"Bara na tashi. Me na samo miki?"

Ta miƙe, ta ɗauki jakar daga ƙasa.

Kwamitin mutum uku ne. Akwai tsohuwar alƙaliya, ita ce shugaba. Akwai likita, mai duba ko ciwon ya kai yadda ake faɗa. Akwai kuma Kanar mai ritaya, wanda aka sa domin a samu wanda ya san halin soja, ya kuma san shi ƙwarai, shi ya sa bai yarda da kowa ba. Abin da biyu suka yarda da shi, shi ne hukunci. Abu ɗaya ne su ukun ba su taɓa saɓani a kansa ba: lokacin cin abincin rana.

Kanar ne ya fara saukowa. Tun daga hawa na biyu ake jin takunsa. Ya tsaya a kwanar matakala, ya dubi ƙeyoyin da suka tare masa hanya, masu furfura da masu sanƙo. Bai yi tambaya ba. Ya ja numfashi, ya saki tsawar da ya yi shekara da shekaru bai samu wurin sakinta ba.

"Kowa ya miƙe!"

Abin kunya ne, amma haka aka yi. Jiki ya riga tunani. Dogo mai rawar hannu ya zabura. Na bayansa suka zabura. Kofur, da duk bakinsa, ya tsinci kansa a tsaye, hannuwa a manne da cinya, idonsa ɗaya yana kallon gaba. Sanduna suka zube suna ƙara.

Saje ma jikinsa ya amsa. Kafaɗunsa suka miƙe, tafinsa ya danna matakala, ya yunƙura. Sai ya ji an riƙe shi ta ƙasa. Ya waiwaya. Matarsa ce ta zauna daram a kan gefen rigarsa, da duk nauyinta, ta ɗora jakar takardu a cinya, tana kallon ƙofar lifta kamar mai jiran ta buɗe.

"In za ka yi taurin kai," ta ce ba tare da ta dube shi ba, "ka yi shi har ƙarshe. Ba na son rabin aiki."

Ya koma ya zauna sosai.

Kanar ya ratso ta tsakanin waɗanda suka miƙe, ya tsaya a kansa. "Saje! Ba ka ji umarni ba?"

"Na ji, yallaɓai. Kunnena lafiya lau. Shi kaɗai aka bar mini."

"To miƙe."

"Yallaɓai, ban taɓa ƙin umarni ba. Na ƙarshe da aka ba ni shi ne in shiga motar gaba. Na shiga. Ga amsar nan a ƙuguna, ina yawo da ita. Yau kam a yi mini haƙuri."

"Ka san abin da kake yi sunansa tawaye?"

"An sallame ni, yallaɓai. Kai ma an sallame ka. Tsofaffi biyu ne ke magana a gindin bene."

Wani ya yi dariya a baya, ya mayar da ita tari. Kofur ya dubi hannuwansa da ke manne da cinya kamar ba nasa ba, ya yi tsaki, ya koma ya zauna. Dogo ya bi shi. Ɗaya bayan ɗaya suka zauna, wannan karon a hankali, kowa yana dafa na kusa da shi. Kanar ya rage a tsaye shi kaɗai a tsakiyarsu, ba gaba ba baya, kamar wanda ruwan sama ya ritsa da shi a tsakiyar titi.

"Me ke faruwa a nan?"

Alƙaliya ce. Ta daɗe tana saukowa, ba wanda ya lura, domin a karkace take sauka, hannu biyu a kan ƙarfe, ƙafa ɗaya ta sauka ta jira 'yar'uwarta. Likita na bayanta riƙe da jakarta, akawu na bayan likita. Sojojin suka matsa mata, suka buɗe 'yar hanya. Da ta taka ƙasa ta tsaya tana mayar da numfashi, ta dafa gwiwa.

"Ranki ya daɗe," in ji akawu, "shi ne mai ƙarar da ya ƙi zuwa. Na kira sau biyu."

Ta dubi Saje ta saman tabarau. "Kai ne ba ka zo ba?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Ka san in ya kira na uku zan kori ƙararka? Kuma daga nan babu gaba?"

"Na sani."

"Ga kujera can. Me ya hana a kawo ka?"

"Ranki ya daɗe, ƙarata a kan ƙafar nan take. An ce tana hawa bene. Na ce ba ta hawa. In na hau, na ƙaryata kaina. In an ɗauke ni, ba ku ga komai ba sai ƙarfin maigadi. Shaidata ke nan, ga ta, ga benen. Ba ni da wata." Ya ɗan tsaya. "In za a kora, a kora. Amma a rubuta cewa na zo, an same ni a nan."

"Kwamiti ba ya zama a matakala," in ji Kanar. "In aka fara wannan, gobe kowa sai ya zauna a ƙasa."

"Haka ne," in ji Kofur. "Abin tsoro."

Alƙaliya ba ta kula su ba. Ta ɗaga kai ta bi matakalar da ido, kwana bayan kwana, har inda ta ɓace a sama. Ta dubi takardar da ke jikin lifta. Za a so a ce adalci ne ya motsa a zuciyarta a wannan lokacin, wataƙila ma shi ne. Amma waɗanda ke kusa sun ga hannunta bai bar kan gwiwarta ba.

"Fayil ɗinsa na hannunka?" ta tambayi akawu.

"Yana nan, ranki ya daɗe. Amma ɗakin zama yana sama."

"Na san inda yake, daga can nake. Na sauko ke nan, kuma ba mai sake hawar da ni benen nan yau. Maigadi, jawo teburinka. Likita, abincin zai jira. Kanar, in kana da ƙorafi ka rubuto, ka kai sama da kanka."

Maigadi ya kwashe rediyonsa da kofin shayi daga kan tebur, ya share shi da hannun riga, ya jawo shi gaban matakala. Aka nemi abin da shugaba za ta zauna a kai. Kujera ɗaya ce mai kyau a wurin, wato farar nan mai sanduna. Ta dube ta, ta dubi igiyar, ta zauna. Sandunan suka miƙe gaba da bayanta. Mai shara, da ta saba, ta matso za ta kama, maigadi ya harare ta.

Likita ya samu gefen benci. Kanar ya ce shi a tsaye zai yi, ba wanda ya roƙe shi. Akawu ya buɗe fayil, ya rasa inda zai ajiye, ya ɗora a kan rediyon maigadi. Mutanen da ke wucewa a titi suka fara leƙowa ta ƙofa.

"An buɗe zama," in ji alƙaliya. "Sauran ku yi shiru, ko in sa a kai ku sama. Madam, ke ce matarsa? Za mu ji ta bakinki daga baya. Ki ɗan tashi daga kan rigarsa."

"Ranki ya daɗe, gara dai in zauna. Ban yarda da shi ba tukuna."

Alƙaliya ta dube ta, ta dubi Kanar, ta ce, "Zauna."

Likita ya zaro alƙalami, ya buɗe sabon shafi. Mutum ne mai ladabi, kuma da tambaya ɗaya yake fara kowane zama, ba don yana jiran amsa ba.

"To, Baba, yaya jikin?"

Saje ya miƙe kafaɗa. Amsar ta riga ta hau harshensa, wadda ya ba uwarsa yana yaro, ya ba hafsoshi, ya ba maƙwabta, ya ba matarsa a ranakun da take ganin yana cizon matashin kai. Leɓɓansa har sun haɗu za su fitar da ita. Matarsa ba ta taɓa shi ba, ba ta ko yi gyaran murya ba. Ta dai ƙara gyara zama a kan rigar.

Ya haɗiye amsar. Ya dubi alƙalamin likita.

"Babu sauƙi, yallaɓai," ya ce. "Tun ranar nakiyar nan babu. Rubuta, ina kallo."